Sankarar maɓuɓɓugar yawu: me ya sa kumburi iri ɗaya a ido ke samun magani daban-daban?

Mutum uku za su iya zuwa asibiti da kumburi a wuri guda, a gaban kunne, kowanne bai wuce santimita 2 ko 3 ba, a ce wa dukkansu sankara ce, amma kowa ya fita da tsarin maganinsa daban. Na farko a yi masa tiyata, shi ke nan. Na biyu a yi tiyatar, a bi shi da gashi, wato haska wurin da na'ura mai kashe ƙwayoyin sankara, na mako shida, sannan a ce ya riƙa zuwa hoton ƙirji har bayan shekara 10. Na uku kuwa, idan ciwon ya bazu, a rubuta masa maganin da aka fi sani da masu sankarar mama, ko na maza masu sankarar furostet. In danginsu suka haɗu a wurin jiran likita suka gwada takardu, da wuya wani bai yi zargin an yi masa sakaci ba.

Galibi ba sakaci ba ne. Abin da ake kira sankarar maɓuɓɓugar yawu tarin cututtuka ne da suka haɗa wurin zama, amma hali ya bambanta. Kuma dukkansu ba su da yawa a cikin jama'a, shi ya sa hujjojin da likitoci ke dogara da su ba su kai na sauran sankarori ƙarfi ba, har ake samun saɓani na gaskiya tsakanin ƙwararru.

## Inda yawu ke fitowa, da inda ƙari ke tsirowa

Manyan maɓuɓɓugan yawu shida ne, uku a kowane ɓarin fuska. Babbarsu ita ce farotid, wadda ta shimfiɗu daga gaban kunne zuwa kusurwar muƙamuƙi, ita ce ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku tana ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana da ke warwatse a cikin leɓe, kunci, ganɗa, maƙogwaro, har da cikin hanci. A haɗe suna samar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi na yawu a rana.

Ba kowane ƙari ne sankara ba. Wani yana girma a inda yake, bai kutsa cikin naman da ke kewaye da shi, bai kuma tafiya wata gaɓa. Sankara ita ce mai kutsawa da yaɗuwa. Akwai ƙa'idar da ɗaliban likitanci ke haddacewa a nan: gwargwadon ƙanƙantar maɓuɓɓuga, gwargwadon yiwuwar ƙarin da ya fito a cikinta ya zama sankara. Farotid ce ke ɗauke da kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na duk ƙarin da ake gani, amma kamar uku cikin huɗu na waɗannan ba sankara ba ne. A ƙarƙashin muƙamuƙi lamarin ya kusa rabi da rabi. A ƙarƙashin harshe ƙari bai cika fitowa ba, amma in ya fito, mafi yawa sankara ce. Haka nan kumburin da ya daɗe a ganɗa, ko da ba ya ciwo, ba abin rainawa ba ne.

A Amurka kusan mutum 1 cikin 100,000 ne ke kamuwa a shekara. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ya nuna sabbin masu kamuwa a duniya sun ɗan haura 50,000 a shekara, alhali sankarar mama kaɗai ta wuce miliyan 2. Idan aka raba wancan ɗan adadin gida-gida bisa nau'i, za a ga dalilin da ya sa likita zai iya yin shekaru yana aiki bai ci karo da wani nau'in ba ko sau ɗaya.

## Nau'o'in da suka fi muhimmanci

Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya lissafa nau'in sankara sama da 20 a waɗannan gaɓoɓi. Kaɗan daga ciki ne ake yawan gani.

Mukofidamoyid ita ce ta fi yawa, har a yara da matasa. Tana da fuska biyu. Mai sanyin hali, idan aka cire ta gaba ɗaya, da wuya ta dawo. Mai kaifi kuwa tana saurin shiga kaluluwar wuya. Asinik galibi mai sanyi ce ita ma, kodayake wani lokaci takan dawo bayan an manta da ita.

Sankarar bututun yawu ta fi kama maza da suka manyanta. Tana girma da sauri, tana yaɗuwa da wuri, kuma a ƙarƙashin madubin likita ta yi kama da wani nau'in sankarar mama. Wannan kamar ba ta tsaya a ido ba, za a ga amfaninta idan an zo batun magani.

Adenoyid sistik ita ce mai ruɗarwa. Tafiyarta a hankali take, tana iya shekaru kafin a lura da ita, amma tana da ɗabi'ar bin jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi, ta yi nisa a ɓoye, kamar yadda gara ke cin cikin katako alhali bayansa lafiya lau. Likita zai iya cire duk abin da ido ke gani, a duba gefen naman a tarar ƙwayoyin ciwon sun riga sun bi jijiya sun nufi gindin ƙoƙon kai. Ba ta cika damuwa da kaluluwar wuya ba, hanyar jini take bi ta sauka a huhu, wani lokaci bayan shekara 10 ko 15 da tiyata.

Akwai kuma wadda ke ɓullowa daga cikin tsohon ƙarin da ba sankara ba. Filomofik adenoma shi ne ƙarin da ya fi kowanne yawa a farotid, kuma ba sankara ba ne, amma idan aka bar shi shekara da shekaru, kaɗan daga cikinsa na rikiɗewa. Labarin da likitoci ke ji a irin wannan hali kusan iri ɗaya ne: “Ya fi shekara goma yana nan bai dame ni ba, sai cikin 'yan watannin nan ya fara girma yana zafi.” Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ba da shawarar cire shi tun yana ƙarami, musamman ga mai sauran ƙuruciya.

Abu biyu ne ake aunawa bayan sunan nau'i, kuma mutane kan gauraya su. Kaifi shi ne yadda ƙwayoyin ciwon suke a ƙarƙashin madubi, masu natsuwa ne ko masu hargitsi. Mataki kuma shi ne iya inda ciwon ya kai: bai wuce santimita 2 ba, yana tsakanin 2 da 4, ya haura 4, ya ci fata ko ƙashi ko jijiyar fuska, ya shiga kaluluwa, ko ya tafi nesa. Ƙaramin ƙari mai kaifi zai iya fin babba mai sanyi haɗari.

## Me ke jawo ta

A yawancin majinyata ba a gano takamaiman sanadi. Wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne shiga tururin nukiliya ko gashin da aka taɓa yi wa kai da wuya, musamman tun ana yaro. An ga ƙaruwar wannan ciwo a waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki na 1945. Wani nau'i da ba a cika gani ba yana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, an fi samunsa a mutanen Inuwit na Girinlan da kuma mutanen kudancin Sin. Taba da giya, waɗanda su ne kan gaba a sankarar baki da maƙogwaro, rawarsu a nan ba ta fito fili haka ba, sai dai taba na da alaƙa mai ƙarfi da ƙarin Warthin, wanda shi ba sankara ba ne. Zargin da ake yi wa wayar hannu, ganin ana manna ta a daidai farotid, an bincika shi sau da dama ba tare da an tabbatar da shi ba. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma galibi ba gado ba ne.

## Alamun da ke sa likita ya ƙara sa ido

Mafi yawan masu wannan ciwo da kumburi mara zafi suke zuwa, kuma rashin zafin ne ke sa a yi ta ɗagawa. Abubuwa da yawa na kumbura wannan yanki ba tare da sankara ba. Tsakuwa a bututun yawu kan sa wurin ya tashi lokacin cin abinci ya sauka bayan an gama. Ƙwayar cuta kan zo da zazzaɓi da ja da zafi. Tarin fuka, cutar HIV da ciwon Sjogren, wanda garkuwar jiki ke far wa maɓuɓɓugan yawu da hawaye, duk suna iya kumbura maɓuɓɓuga ko kaluluwar da ke kusa da ita.

Abin da ke sauya lissafi shi ne kumburi mai tauri da ya manne ba ya motsi, ko mai saurin girma, ko ciwo mai naci, ko dindiris a wani sashen fuska, ko wahalar buɗe baki, ko gyambo a kan fatar wurin. Sama da duka akwai raunin fuska. Shi ya sa likita zai zaunar da majinyaci gaba da gaba ya ce masa ya ɗaga gira, ya runtse ido da ƙarfi, ya hura kumatu, ya yi murmushi ya nuna haƙora. Idan gira ɗaya ta ƙi tashi ko iska ta zurare ta gefen baki, ga kuma ƙari a gaban kunne, ana ɗaukarsa sankara har sai an tabbatar ba ita ba ce, domin ƙarin da ba sankara ba, komai girmansa, da wuya ƙwarai ya kashe jijiyar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki karkacewar baki a matsayin shanyewar fuska ta yau da kullum, wadda kan zo farat ɗaya ta warware da kanta. Wadda ke zuwa sannu a hankali, ko ta shafe watanni ba ta sake ba, tana buƙatar hoto.

## Hoto, allura, da sakamakon da bai yanke hukunci ba

Sikanin na sauti shi ne mafari: yana nuna ko ƙarin a cikin maɓuɓɓuga yake ko a wajenta, ruwa ne ko tsoka. MRI ya fi nuna zurfi da iyakar ƙari da ko ya bi jijiya. CT ya fi ganin ƙashi da huhu. Babu ɗayansu da ke faɗin sunan ciwon. Wannan sai an ɗebo nama.

Hanyar da aka fi bi ita ce siririyar allura. Likita na kallon allon sikanin, ya soka allurar cikin ƙarin, ya ɗan motsa ta gaba da baya, ya zuƙo ɗigon ƙwayoyin halitta ya shafa a kan gilashi. Mintuna kaɗan ne, kuma sau da yawa ko kashe zafi ba a buƙata. Matsalar ita ce abin da ake samu warwatsattsun ƙwayoyi ne, ba a ganin yadda suke jere, ba a kuma ganin gefen ƙarin. A wannan gaɓa, ƙari mara sankara da mai sankara na iya zama da ƙwayoyi masu kama da juna sosai, abin da ya raba su kawai shi ne ko sun kutsa naman da ke kewaye. Allura ba za ta iya nuna wannan ba.

Don a daidaita yaren da masu nazarin nama ke magana da likitocin tiyata, a 2018 aka fitar da tsarin Milan, wanda ya kasa sakamakon allura gida shida: samfurin bai isa ba, ba ƙari ba ne, akwai 'yan canje-canje da ba a san ma'anarsu ba, ƙari ne (ko dai tabbas mara sankara ko kuma wanda ba a iya tantance halinsa ba), ana zargin sankara, sankara ce. Mai karanta takardarsa ya ga an rubuta “ba a iya tantancewa ba” yakan ɗauka ɗakin gwajin ne ya gaza. Sau da yawa iyakar abin da allura ke iya bayarwa ke nan, kuma amsa ce ta gaskiya.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu cibiyoyi sun fi son allura mai kauri, wadda ke yanko ɗan zaren nama. Hujjarsu ita ce ba ta cika dawowa da “bai isa ba”, kuma naman na isa a yi masa gwaje-gwajen rini da na ƙwayoyin gado. Masu siririyar allura kuma na cewa tasu ta fi sauƙi, ta fi ƙarancin zubar jini, kuma a hannun gwani, musamman idan mai nazarin yana wurin yana duba samfurin nan take, tazarar ba ta da yawa. Da dama sun tsaya a tsakiya: a fara da siririya, in ba ta ba da amsa ba a koma mai kauri. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne kada a tsaga fata a yanko guntun ƙarin farotid don gwaji kawai. Yin haka na iya yanke jijiyar fuska, ya kuma watsa ƙwayoyin ƙarin a cikin rauni, su tsiro wuri-wuri daga baya. Duk wanda aka ce za a “ɗan tsaga a matse” masa kumburin gaban kunne ba tare da hoto ba, yana da dalilin tsayawa ya nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko na tiyatar kai da wuya.

Saboda haka mutane da yawa na shiga ɗakin tiyata ba su san cikakken sunan ciwonsu ba, sai bayan an yanyanka ƙarin duka an duba. Ko a lokacin ma, masu nazarin nama kan saɓa. Misali mai kyau shi ne nau'in da Alena Skalova da abokan aikinta a ƙasar Cek suka bayyana a 2010. Kafin nan yawancin masu shi ana rubuta musu asinik ne. Da aka gano yana da wata haɗewar ƙwayoyin gado ta daban, mai suna ETV6-NTRK3, sai ya zama cuta mai zaman kanta, daga baya kuma ta samu maganinta. Idan akwai wurin da neman ra'ayi na biyu ya fi biyan wahalarsa a wannan ciwo, to a kan gilashin naman ne, a aika shi ga wanda ya saba ganin irinsa.

## Tiyata da jijiyar fuska

Muddin ciwon na ciruwa, tiyata ce ginshiƙin magani, kuma tiyatar farko ita ce babbar dama. Wahalarta a farotid daga tsarin halitta take. Jijiyar da ke motsa fuska tana fitowa daga ƙoƙon kai a bayan kunne, ta ratsa tsakiyar maɓuɓɓugar, ta rabu rassa biyar zuwa goshi, ido, kunci, leɓen ƙasa da wuya. Likita sai ya fara nemo gindinta, ya bi kowane reshe yana ɗaga nama daga kansa a hankali. Wasu na amfani da na'urar da ke ƙara idan an taɓa jijiya.

Ƙa'idar da aka fi bi a yau ita ce: jijiyar da ke aiki kafin tiyata, kuma ciwon bai naɗe ta ba, a bar ta, ko da hakan na nufin za a wuce dab da ƙarin, sai a dogara da gashi ya share abin da ido bai gani ba. Wadda ta riga ta mutu ko ciwon ya cinye ta, a yanke ta, a dasa wata nan take, daga jijiyar da ke kusa da kunne ko ta bayan ƙafa. Dashen na ɗaukar watanni kafin ya fara aiki kuma fuska ba ta komawa daidai yadda take. Kafin nan ido ne abin ji, domin wanda ba ya rufuwa yana bushewa ya yi rauni. Akan ɗinka ɗan ƙaramin nauyi na zinare ko filatinom a fatar ido ta sama don ta riƙa sauka.

Ko da an bar jijiyar lafiya, raunin fuska na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne, yakan warware cikin makonni ko watanni. Ƙasan kunne kan yi dindiris, wani lokaci har abada. Akwai kuma wani abu da ke ba majinyata mamaki watanni bayan tiyata: da sun fara tauna abinci sai gumi ya tsattsafo a kunci ɗaya. Jijiyoyin da a da ke umartar yawu ne suka sake tsirowa suka kama hanyar gumi. Likitar jijiyoyi 'yar Foland, Lucja Frey, ta bayyana shi a 1923, da sunanta ake kiransa, kuma allurar Botox na tsayar da shi na tsawon watanni.

A ƙarƙashin muƙamuƙi jijiyoyin da ake tsoro su ne ta leɓen ƙasa da biyu na harshe, mai ji da mai motsi. A ganɗa kuwa cirewar na iya barin rami tsakanin baki da hanci, sai a toshe shi da farantin roba ko a ɗauko nama daga wani wuri.

Batun kaluluwar wuya, idan hoto ya nuna ciwon ya shiga, babu gardama, ana cirewa. Idan bai nuna ba, a ƙaramin ciwo mai sanyi akan ƙyale, a mai kaifi ko babba akan yi wani abu. Saɓanin yana kan wane abu: wasu na cirewa tun a tiyatar farko don a san gaskiyar matakin, wasu na cewa tunda za a yi gashi ko ta yaya, a haɗa da wuyan a rage wa mutum yanka.

## Gashi: wa ke buƙata, kuma da wace na'ura

Ana ƙara gashi bayan tiyata idan ciwon mai kaifi ne, ko babba, ko ya kai gefen abin da aka yanke, ko ya bi jijiya, ko ya shiga kaluluwa. Adenoyid sistik kusan kullum tana cikin wannan sahu. Wannan ne bambancin mutum na farko da na biyu a cikin ukun da aka fara da su.

Kafin a fara, ana tausasa wata ragar roba da zafi a shimfiɗa ta a fuskar majinyaci, ta sandare da siffarsa. Kullum da ita za a ɗaure kansa a gadon na'ura don hasken ya sauka wuri ɗaya. Yawanci zama 30 zuwa 33 ne, kwana biyar a mako, jimillar awo 60 zuwa 66 na ma'aunin Gray. Zaman kansa ba ya zafi. Daga mako na uku ne baki ke fara ƙuna, ɗanɗano ya gushe, yawu ya yi kauri, nauyi ya fara zubewa. Daga baya ana iya samun bushewar baki, raguwar ji a kunnen ɓangaren, taurin muƙamuƙi, da lalacewar haƙora. Shi ya sa ake tura mutum wurin likitan haƙori tun kafin a fara: cire haƙori daga ƙashin da aka gasa na iya barin raunin da ba ya warkewa.

Muhawarar na'ura ta daɗe. Wani gwaji na haɗin gwiwar Amurka da Birtaniya, kan majinyatan da ciwonsu ba ya ciruwa, waɗanda yawansu bai kai 40 ba, ya gwada gashin niyutiron da na yau da kullum. Bayan shekara 10, niyutiron ya danne ciwon a wurinsa a kashi 56 cikin 100, ɗayan kuma 17. Amma tsawon rai bai bambanta ba, saboda ciwon na tafiya nesa, kuma illolin niyutiron sun fi tsanani. Yau hankali ya koma kan gashin furoton da na kabon, ƙananan ƙwayoyin zarra da ake harbawa kan ciwon; an buɗe cibiyar gashin kabon a Ciba ta Japan a 1994, sannan a Haidelbag ta Jamus a 2009. Masu goyon baya na nuna cewa waɗannan na sauke ƙarfinsu a kan ciwon su tsaya, abin da ke da muhimmanci idan ana dab da ƙwaƙwalwa ko jijiyar gani. Masu taka-tsantsan na cewa na'urorin gashi na zamani sun yi wa na wancan gwaji nisa, kuma babu babban gwajin da ya nuna sababbin na ƙara tsawon rai. Ga ciwon da aka cire sarai, gashin zamani na yau da kullum shi ne ma'auni. Ga wanda ya maƙale a gindin ƙoƙon kai ko ya dawo bayan gashin farko, hujjar neman furoton ko kabon ta fi ƙarfi, sai dai cibiyoyinsu ƙalilan ne a duniya.

## Me ya sa ba a cika ba da kemo ba

Dangi kan tambaya, “To ina kemo?”, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ke ratsa jini, domin a sankarar baki da maƙogwaro ana haɗa shi da gashi. A nan hujjar ba ta tabbata ba. Jagorar ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta 2021 ta ce kada a mai da haɗin al'ada sai a cikin gwajin bincike. Idan ciwon ya bazu, magunguna irin su cisplatin na iya rage shi ga wasu na ɗan lokaci, ba su warkarwa. Magungunan tayar da garkuwar jiki, da suka sauya labarin wasu sankarori, tasirinsu a nan kaɗan ne zuwa yanzu.

Ci gaban da aka samu ya zo ne ta duba abin da ke tura kowane nau'i. Yawancin sankarar bututun yawu na ɗauke da makarɓar sinadarin maza, don haka magungunan da ke danne wannan sinadari a furostet na aiki a kanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuma na da furotin da ake kira HER2 da yawa, irin na wasu masu sankarar mama. A wani bincike na Japan da aka wallafa a 2019, kan mutum 57, haɗin trastuzumab da docetaxel ya rage ciwon a kashi 70 cikin 100, kuma Japan ta amince da maganin don wannan ciwo a 2021. Ga masu haɗewar NTRK akwai larotrectinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, da entrectinib a 2019, ƙwayoyi ne na haɗiya da kan rage ciwon sosai a mafi yawan masu wannan haɗewa. Irin waɗannan magunguna ne ake rubuta wa mutum na uku da aka fara da shi. Duk wannan ba ya yiwuwa sai an yi gwajin a kan naman.

Adenoyid sistik ba ta samu irin wannan sa'a ba. An gano haɗewar MYB-NFIB da ke bayanta tun 2009, amma har yanzu babu maganin da ke kama ta kai tsaye. Lenvatinib da axitinib galibi tsayar da girma suke yi, ba su cika ragewa ba, kuma suna zuwa da hawan jini, kasala da ciwon tafin hannu da ƙafa. Shi ya sa idan aka ga 'yan ɗigo a huhu masu tafiyar hawainiya, ba su hana numfashi ba, likita kan ce a sa ido kawai, a maimaita hoto bayan 'yan watanni. Majinyaci na iya jin kamar an sallama shi ne. Hujjar masu jira ita ce mutum na iya shekaru cikin ƙoshin lafiya a haka, maganin da ba ya warkarwa zai rage masa jin daɗin waɗannan shekaru ne kawai. Wasu likitocin kuma na ganin idan ɗigon kaɗan ne a cire su ko a gasa su ɗaya bayan ɗaya. Babu gwajin da ya raba gardamar.

## Bayan magani

Alƙaluman Amurka na nuna cewa idan an gano ciwon bai fita daga inda ya fara ba, sama da kashi 90 cikin 100 na kaiwa shekara 5. Idan ya tafi nesa, adadin bai kai rabi ba. Amma waɗannan lambobi sun zuba nau'o'i sama da 20 a ma'auni ɗaya, don haka ba sa faɗa wa mutum ɗaya makomarsa. Ma'aunin shekara 5 ɗin kansa bai dace da kowa ba. Mai sankarar bututun yawu da ya tsallake shi lafiya ya wuce mafi yawan haɗarin. Mai adenoyid sistik kuwa bibiyarsa ba ta da ranar rufewa, da hoton ƙirji lokaci-lokaci.

Rayuwar yau da kullum na sauyawa ta ƙananan hanyoyi: gorar ruwa a hannu koyaushe, kula da haƙora fiye da da, motsa muƙamuƙi don kada ya sandare, ɗigon ido da manne fatarsa da dare ga wanda jijiyarsa ta taɓu. Cire maɓuɓɓuga ɗaya kaɗai ba ya bushe baki, sauran na cike gurbin. Gashi ne ke jawo bushewar. Wanda aikinsa magana ne ko hulɗa da jama'a yakan fi jin nauyin sauyin fuska, kuma gyaran fuska da horon tsokokinta na cikin magani, ya dace a tattauna su tun kafin tiyata.

Saboda ciwon na iya dawowa bayan likitan farko ya bar aiki ko majinyaci ya sauya gari, akwai takardun da ya kamata su kasance a hannunsa: rahoton nazarin nama mai ɗauke da sunan nau'i, kaifi, halin gefen yanka da ko an ga bin jijiya, bayanin tiyata, da adadin gashin da aka yi da wurin da aka haska. Ɗakunan gwaji kan ajiye guntun naman a cikin kakin farafin na tsawon shekaru, kuma a kansa ake iya yin gwajin HER2, NTRK ko makarɓar sinadarin maza daga baya ba tare da sabuwar tiyata ba. Lambar wannan ajiya tana saman rahoton, ita za a nema idan ana son a aika naman wata cibiya.